Ƙwaryar Dada da Fantekar Hukuma

Shekaranjiya da hantsi ina zaune a ƙofar gida, nan unguwar Shagari Lokos inda nake zaman tsufa wurin ɗana, sai ga wasu samari da riguna masu ruwan ɗorawa sun tsaya a kan jikata. Yarinyar nan ba abin da take yi illa sayar da kunun aya da zoɓo a cikin kula, ƙarƙashin 'yar rumfarta ta buhu, don ta samu na littafi da na mota zuwa makaranta. Suka ce mata daga yanzu duk mai sayar da abin sha a bakin titi sai ya kafa lema iri ɗaya mai tambarin hukuma, kuma a wurinsu ake saya. Ta taho wurina idonta ya kawo ruwa, ni kuwa dariya ta kama ni har da tari. Ta ce, "Kaka, ana cutata kina dariya?" Na ce, "Ba ke nake yi wa ba, 'yar nan. Abin ne na gane shi. Tsohon sani ne, riga kawai ya sake." Ta zauna tana harara ta, ni kuma zuciyata ta riga ta tafi wani wuri.

A bayan tafkin Njuwa, kusa da Yola, aka haife ni, a wata 'yar ruga da yanzu ko ni aka kai ba zan nuna inda bukkarmu take ba, don gonaki da gine-gine sun cinye wurin. Lokacin nan ba agogo ke tashinmu ba, kukan maruƙa ne. Kafin gari ya waye za ka ji tsiyayar madara cikin ƙwarya, da fari da ƙara kamar ana yayyafi a kan faifai, in ta fara cika sai sautin ya yi taushi. Daga can bakin tafki kwaɗi na ta nasu, masunta na kiran juna, masu shinkafa na korar tsuntsaye da gwangwani. In damina ta yi nisa ruwan Binuwai ya cika, wata rana iska kan kawo mana kukan jirgin ruwa tun daga Jimeta, mu yara mu bar abin da muke yi mu tsaya sauraro. Yanzu abin da ke tashina janareton maƙwabta ne da masu keke napep, kuma madarar da nake gani ta gari ce a cikin leda. Ba na cewa da can aljanna ce. Mun sha sauro, mun sha tafiyar ƙasa, mun binne ƙanne da zazzaɓin da yau ƙwaya biyu ke kore shi. Amma hancina bai manta da ƙanshin kindirmon da ya kwana yadda ya kamata ba.

Mahaifiyata, Dada muke ce mata, nono take sayarwa, kamar uwarta da kakarta. Mace ce siririya marar yawan magana, in ta yi dariya sai ta rufe baki da gefen mayafi. Tana da ƙorai iri-iri a rataye, na tatsa daban, na kai wa kasuwa daban, kowace da faifanta. Amma akwai guda ɗaya babba, ta yi duhu don tsufa, zanen jikinta ya shafe wani wurin saboda hannayen da suka riƙe ta, a bakinta akwai ɗan ɗinki da kakar Dada ta yi. Wannan ba ta zuwa kasuwa. A cikinta madara ke kwana ta zama kindirmo, daga cikinta ake ɗibar ludayi a zuba wa sauran don su kama. Ba a wanke ta da sabulu, ba a ba yaro ya ɗauka. Ranar da na fara taɓa ta ba da izini ba na sha ranƙwashi. A gidanmu ƙwaryar nan daga uwa take zuwa ga 'ya ranar da za a kai ta ɗakin miji, ni kaɗai ce kuwa 'ya mace, kuma a shekarar da abin nan ya faru an riga an sa bikina bayan kaka da wani saurayi da ni ma nake so. Don haka duk wucewar da zan yi sai na saci kallonta, ina ce wa raina saura kaɗan.

Sai kuma yayana, wanda muke ce wa Hamma, wato yaya da Fillanci, ba shi ne sunansa na yanka ba. Shi ne ɗan fari, kuma duk wanda ya san mutanenmu Fulani ya san abin da wannan ke nufi. Uwa ba ta kiran sunan ɗan farinta. Ba ta kallonsa ido da ido, ba ta zama hira da shi, ba ta nuna wa duniya yana ranta. Tun da aka yaye shi Baffanmu na Yola ya ɗauke shi, can ya girma, can aka sa shi makaranta. In ya zo gaisuwa sai ya tsuguna a bakin ƙofa yana kallon ƙasa, Dada ta juya gefe ta ce da ni, "Tambayi wancan ko ya ci abinci." Ni in tambaye shi, ya amsa mini, in maimaita mata, alhali tsakaninsu bai fi tabarma ɗaya ba. 'Ya'yan yanzu in na ba su labari sai su ce wannan ai ƙiyayya ce. Ƙiyayya! Matar da in ta ji yana zuwa tun jiya take ware masa man shanun da ya fi kyau, sannan ta ce da ni in ce masa ragowa ce ta rasa mai saye. Kunya ce, kuma a wurin Dada kunyar nan ita ce dukiyarta ta gaske, ta fi shanun.

Da aka ce Turawa sun tafi mulki ya dawo hannun 'yan ƙasa, mu ma mun yi murna, ko da yake ba mu san takamaimai me muke wa murnar ba. Aka ce yanzu jangalin da muke biya a kan shanu mu zai yi wa aiki. Mun dai ga ana ta kafa abubuwa. An haƙa wata rijiya mai famfo a hanyarmu, ranar buɗewa har da kiɗa, ba a jima ba hannun famfon ya karye, kuma da yake an rufe bakin rijiyar da siminti ko guga ba ta shiga, sai muka koma tafki muna wucewa ta gefenta. Dada ba ta zagin hukuma, ba halinta ba ne. In aka zo mata da labarin sabon abu daga ofis, iyakarta ta ce, "Bari ya kwana tukuna." Haka take cewa da madara ma. Mai yi mana zagin ita ce Mama Rahila, wata mata daga wajen Ganye da ke noman alayyafo da kuɓewa a bakin Njuwa. Tare muke tafiya Jimeta kullum, ita da kwandonta mu da ƙoranmu. Kirista ce, mu Musulmi, Hausarta ta kasuwa, tamu ma ta kasuwa, a haka muke hirarmu har mu isa. Bakinta ba ya shiru, kuma ba ta tsoron kowa.

Ana nan sojoji suka yanka ƙasa jiha-jiha, aka ce mu yanzu da Maiduguri muke. Hamma kuwa ya gama karatu ya samu aikin duba-gari a Jimeta, masu zagawa suna leƙa randuna da mahauta da masu abinci. Ranar da ya fara zuwa da kakinsa Dada ba ta ɗago ba, amma na ga ta daɗe tana goge ludayin da ba shi da datti. To a shekarar nan, da bazara, aka yi ciwon ciki a gari, yara suka yi ta zawo. Gaskiya ƙudaje sun yi yawa a kasuwa, kuma akwai masu nono da ke ƙara ruwan da bai kamata ba, wannan ba zan ɓoye ba. Sai aka turo wani babban duba-gari daga nesa, dogo, mai tsabta, kullum yana duba agogon hannunsa, har matan kasuwa suka sa masa Mai Agogo. Shi ne ya ce ƙwarya ce ke ɗauke da cuta. Mai shela ya zaga: daga yau ba a sayar da nono a ƙwarya a cikin Jimeta, sai a farar fanteka mai murfi, wato babban kwanon ƙarfe. Fantekar kuwa hukuma ta riga ta sayo ta mota guda, tana nan a sito, kowace mai nono ta je ta saya. Mama Rahila ta ajiye kwandonta a tsakiyar hanya ta riƙe ƙugu. Ta ce, "Tsaya in gane. Da jangalin ku aka saya shi, yanzu kuma ku za ku saya shi? Kai! Wannan fanteka ya yi sa'a, sau biyu ana biyan sadakinsa."

Ba a tsaya nan ba. Aka gina wani ɗaki a gefen kasuwa aka ce ɗakin nono ne, aka sa masa wani farin akwati mai aiki da kananzir da ake kira firji, wai a nan za mu riƙa ajiye kayanmu kada su lalace. Ranar buɗewa manya suka zo, aka yanka ƙyalle, aka ba mu ruwa mai sanyi a kofi muka sha muna riƙe haƙora. Wallahi ya burge ni, har na ce wa Dada ai wannan karon da gaske suke. Ta ce bari ya kwana. Amma duk da haka ita ce ta fara zuwa sito ta sayi fanteka. Ba don ta yarda ba, sai don kada a ce uwar duba-gari ce ke karya doka. Ba ta tsaya nan ba ma, ta kwashe ƙoranta na kasuwa kaf ta rabar, wasu aka mai da su na zuba dusa, wasu yara suka tafi da su tafki. Mama Rahila ta ce, "Dada, ɓoye ko biyu mana, wannan doka ba zai ga ƙarshen damina ba." Dada ta ce abin da ba za ta yi amfani da shi ba me za ta ajiye shi ya yi. Babbar nan kaɗai ta rage a ragaya.

Wanda bai taɓa tafiya daga Njuwa zuwa Jimeta da bazara ba bai san rana ba. Ƙwarya ita ba ruwanta, nono na zaune a cikinta da sanyinsa. Fanteka kuwa kafin mu kai rabin hanya ta ɗau zafi, ko ta kan gammo kana jinta a tsakar ka. Mu isa kasuwa mu buɗe murfi, nono ya tsinke, ruwa a sama, tsami kamar an matsa tsamiya. Masu saye su ɗanɗana su yamutse fuska su wuce. Muka nufi ɗakin nono, aka ce kananzir ya ƙare, an rubuta ana jira. Mun yi ta dawowa da kaya muna zuba wa maruƙa. Dada ta gwada naɗe fantekar da jiƙaƙƙen tsumma, ta gwada fita tun duhu-duhu, abin dai sai a hankali. Ba ta taɓa cewa a faɗa wa wancan komai ba.

Ana cikin haka wata tsohuwar mai sayenmu a unguwar Nassarawo ta Jimeta, Ya Falmata, mutuniyar Borno, ta aiko cewa an yi mata jika, tana son kindirmon suna, kuma na Dada take so ba na kowa ba. Shekara da shekaru suna tare, ita ke ba Dada turaren wuta da salla. Na ga Dada ta tsaya a gaban ragaya ta daɗe. Ba za ta kai wa matar nan ruwan tsami a gaban baƙinta ba, ƙorai kuwa ta rabar. Da safe sai ta sauke babbar, da kindirmon da ya kwana a cikinta, ta rufe da faifai, ta ɗora a ka. Na ce, "Dada, ita?" Ta ce, "Ba kasuwa za ni ba, gidan suna za ni." Ni ma a raina na ce ai doka ta kasuwa ce.

Ashe ranar aka tsare hanya. A mashigar gari, ƙarƙashin wata bishiya, ga 'yan doka, ga Mai Agogo a kan kujera, ga tarin ƙorai a ƙasa, don mata da yawa sun gaji da asara sun koma wa abinsu a ɓoye. Ana juye nono a kwata ana jefa ƙwarya kan tari. Wanda ke tsaye a bakin hanya yana tsayar da mutane kuwa Hamma ne. Ya hango mu. Na ga ya juya baya ya kama duba kwandon wata mai tumatir, yana ta juya tumatir ɗin kamar a ciki aka ɓoye cutar. Hanya ya ba mu, ko yaro ya gane. Mama Rahila ta ce ƙasa-ƙasa, "Wuce, Dada, wuce da sauri." Amma matan da aka ƙwace wa nasu suna zaune a gefe, dukansu sun san ko ita wace ce, dukansu sun zuba mata ido. Dada ta tsaya. Ta sauke ƙwaryar da kanta, ta miƙa mini faifan, ta je ta ajiye ta a gefen tarin a hankali kamar mai kwantar da jariri. Wani ɗan doka ya juye kindirmon Ya Falmata a kwata. Na fashe da kuka a wurin, ta ce in rufe mata baki.

Aka yi shela cewa ranar kasuwa mai zuwa za a farfasa ƙoran a bayan ofis a gaban jama'a. Amma an yi sassauci: duk wadda ta zo da kanta ta ce tata ce, ta yi alkawari da bakinta ba za ta sake fitowa da ita ba, za a ba ta abinta. Na ce alhamdulillahi, ai abin ya zo da sauƙi. Hamma ya zo ruga a tsakanin, ya tsuguna a bakin ƙofa, ya rame. Ya ce da ni ba zai iya zare ta a ɓoye ba, an sa mai gadi, kuma mata na ƙirga da ido, in ta ɓata kowa ya san inda ta tafi. Ya ce in gaya mata ta zo kawai, magana ɗaya ce. Na gaya mata tana jin sa. Ta ce, "Ce wa wancan na ji."

Ranar muka je. Bayan ofis ya cika da mata, ga tarin ƙorai a rana, ga wani lebura da taɓarya a bakin rami. Mai Agogo ba ya jin Fillanci, yawancin matan kuma Hausarsu ba ta wuce ta ciniki ba, balle a gaban hukuma, sai aka sa Hamma a tsakiya. Ya ɗaga ƙwarya, mai ita ta matso ta gaya masa tata ce ta yi alkawari, shi ya juya wa Mai Agogo da Hausa, a miƙa mata. Wadda ba a samu mai ita ba ya kai wa lebura. Sai a lokacin na gane inda matsalar take. Da aka zo kan tamu Hamma ya ɗaga ta da hannu biyu, ya ce ta wace ce wannan. Dada ta matso, ta juya gefe, ta ce da ni, "Gaya wa wancan tawa ce." Na buɗe baki ke nan Mai Agogo ya ɗaga hannu. Ya ce, "A'a, yarinya, ba a aike a nan. Gobe in an kama ta sai ta ce ba ita ta yi alkawari ba. Ta faɗa wa ma'aikacina da bakinta." Dada ta ƙura wa ƙasa ido. Mama Rahila ta kutso ta ce, "Ranka ya daɗe, uwarsa ne fa! Ɗan fari ne!" Mutumin nan ya dube ta da mamaki na gaskiya, ya ce, "To ai abin ya zo gida. Uwa ta kasa yi wa ɗanta magana?" Ba mugu ba ne, Allah ya sani. Bai dai san mu ba, kuma bai ga dalilin da zai tambaya ba.

Hamma ya sake tambaya, idonsa a kan ƙwaryar. Dada ba ta motsa ba. Na kama gefen zanenta ina cewa Dada don Allah, Dada don Annabi. Mai Agogo ya duba hannunsa, ya ce akwai sauran aiki, a wuce da ita. Hamma ya juya ya nufi ramin, yana tafiya kamar wanda ƙafarsa ke ciwo. Lebura ya gyara tsayuwa ya ɗaga taɓarya. Ni dai na rufe ido.

"Usmanu!"

Ban taɓa jin muryar Dada da ƙarfi haka ba. Na buɗe ido na gan ta ta ɗago kai tana kallonsa sosai, fuska da fuska. Ta ce masa da Fillanci, kowa na ji, "Usmanu, ajiye ta. Tawa ce, ta ƙanwarka ce. Ba zan sake fitowa da ita ba." Matanmu suka rufe baki da hannu. Wata tsohuwa ta ce innalillahi. Wata yarinya ta yi 'yar dariya aka make ta. Hamma ya tsaya cak, bai juya wa Mai Agogo komai ba, sai da aka ce masa me ta ce, sannan ya ce, "Ta ce tata ce." Mai Agogo ya ce, "To da ma abin da ake nema ke nan, me ya yi zafi?" Ya sa aka kira ta gaba. Ni na karɓi ƙwaryar, don Dada ta riga ta ja mayafi ta rufe fuskarta ta kama hanya. Ni da Mama Rahila muka bi bayanta har Njuwa.

Daga ranar Dada ba ta sake taka kasuwar Jimeta ba. Ba wanda ya zage ta, da yawa ma sun tausaya mata, amma labarin ya zaga rugage, kuma ita ta san ya zaga. Matar da ta kira sunan ɗan farinta a gaban maza da 'yan doka. Ni na ci gaba da kai nonon har aka yi bikina, bayan nan ta riƙa ba wasu suna sayar mata. Ta daina zuwa suna da biki sai wanda ya zama dole, in ta je ma tana can ƙurya. Ranar da za a kai ni ta sauke ƙwaryar ta sa a cikin kayana, ba ta ce komai a kai ba, sai dai ta ce kada in wanke ta da sabulu.

Dokar kuwa, Mama Rahila ta yi gaskiya, ba ta ga ƙarshen damina ba. Ba wanda ya soke ta, ba wanda ya yi shela. An dai ɗauke Mai Agogo an kai shi wani gari, sito ya sayar da fantekarsa ta ƙare, daga nan ba a sake tsare hanya ba. Ƙorai suka dawo kasuwa ɗaya bayan ɗaya, har 'yan ofis na aikowa a saya musu a cikinsu. Fantekokin suka koma na wanki da ba kaji ruwa. Kananzir ɗin firji har na haifi ɗana na biyu ana jiransa. Na taɓa leƙawa ta taga na ga mai gadi ya mai da shi wurin ajiye takalmansa da ƙullin gyaɗa saboda ɓera. Ciwon cikin ma da ruwan sama ya sauka ya tafi abinsa, daga baya aka ce daga wata rijiya ne. Shi ya sa har yau in na ji an ce hukuma ta kawo tsari don amfanin masu sana'a, abin da nake fara tambaya shi ne me za a sayar mana, kuma a sito na wa yake. Ban ce kada a yi doka ba. Gari ba ya zama ba doka, kuma na ga wadda ta yi amfani. Amma mai kafa ta gobe an yi masa canjin wurin aiki, ya tafi da agogonsa, wanda aka kafa wa kuwa yana nan da abin da ya rasa. Abin da na gaya wa jikata ke nan. Na ce ta sayi lemar don su bar ta ta nemi abincinta, amma kada ta kuskura ta ba da tsohuwar rumfarta, ta naɗe ta ta sa a bayan ɗaki.

Dada ta rasu da daɗewa, kuma ba ta sake kiran sunan nan ba har ta koma ga Allah. Hamma ya yi aikinsa har ya yi ritaya, mutum ne shiru-shiru, ba mu taɓa tayar da zancen ranar ba. Sai a shekarar da zai rasu, ya zo gaishe ni, ya tsufa ƙwarai, yana dogara sanda. Muna zaune ya ce in ƙwaryar nan tana nan in ɗauko masa. Na sauko da ita daga kan sif. Ta daɗe ba ta ga madara ba, ta bushe ta yi sakayau. Ya ɗora ta a cinya yana shafa ɗinkin bakin da babban yatsa. Na ce, "Hamma, ka yafe wa mutanen nan kuwa? Ni har yau ban iya ba. Sun kunyata ta a banza, a kan kwanon da ko shekara bai yi ba." Ya ci gaba da shafa ɗinkin. Sannan ya ce, "Na sani. Na kuma san abin da ta rasa, kuma da hannuna aka yi. Amma bari in gaya miki abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Tun ina yaro a gidan Baffa nake tunanin yadda sunana zai fito a bakinta. Har na fara zaton ta manta shi." Ya share ido da hannun riga, ya yi 'yar dariya. Ya ce, "Ashe ta iya faɗinsa da kyau."